A-kori-kurar da Tirela ta Tura

Ajiye makullin nan ka zauna, Nafi'u. Na ji abin da ka gaya wa mahaifinka, wai kowace a-kori-kura ma za ta iya ja maka motar tserenka zuwa Abuja, tunda ja ne kawai aikinta. Tun da maganar ta shiga kunnena raina yake a ɓace. Ni kawunka ne, ba zan yi maka daɗin baki ba. Buɗe kunne ka ji abin da ya sami wani.

Mutumin mai garejin gyaran motoci ne a Jos. Ya yi shekaru yana haɗa motar tsere da hannunsa, babu ƙusar da bai taɓa ba a jikinta. Yana da wani amini, direba ne mai mata da 'ya'ya, shi aka shirya zai tuƙa ta ranar gasa. To ka san irin wannan mota ba ta hawa titi, sai an ɗora ta a tirela an ja ta. Sai mai garejin ya tafi kasuwar motoci neman wadda za ta yi jan, ya tarar da a-kori-kura biyu a jere. Ɗaya ƙatuwa ce, fentinta ya koɗe, ba ta da kyan gani ko kaɗan, amma injinta babba ne, birkinta na manyan kaya ne, ƙugiyar ja kuma a walde take da ƙashin motar. Ɗayar 'yar ƙarama ce, ja wur, launinsu ɗaya da motar tseren, sai ƙyalli take yi. Abin da ke ƙona mini rai shi ne mutumin nan ba jahili ba ne. Ya san ƙarfe, ya san nauyi. Ya san sarai an yi ƙaramar ne don kwandunan tumatir da 'yan buhunan masara. Amma ba abin da yake gani a zuciyarsa sai shigarsa filin gasa, ja tana jan ja, jama'a na ɗaga waya suna ɗaukar hoto. Mutumin da yake wuni kwance a ƙarƙashin motar tsere, bai ko durƙusa ya leƙa ƙarƙashin wannan ba. Haka ya biya kuɗi ya ɗauki ƙaramar. Da amininsa ya gan ta, ya ce masa, "Anya za ta iya riƙe kayan nan?" Ya yi dariya ya ce, "Ai ba ita za ta yi tseren ba."

Suka kama hanya da hantsi, shi yana tuƙi, aminin na gefensa ya ɗora hannu a taga. A shimfiɗaɗɗen titi ta yi ta tafiya, har ya fara yi wa aminin tsiya. Da suka iso gangaren dutse, inda hanya ke sauka tana lanƙwasa, sai lamari ya juye. Mai ja ta koma wadda ake turawa. Tirela ta danno ta daga baya da duk nauyinta. Ya taka birki, ya sake takawa, warin ƙuna ya cika motar, hayaƙi ya taso daga tayoyi. Can ya taka sai ya ji abin ya nutse har ƙasa, babu komai a ciki. Ya dawo da giya, inji ya yi kururuwa, gudu bai ragu ba. Tirela ta fara lilo hagu da dama, tana wujijjiga bayan a-kori-kurar kamar yadda kare ke yi da tsumma. A kwana ƙugiya ta ɓalle. Motar tseren da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kanta ta wuntsila cikin kwazazzabo ta dagargaje. Ita kuwa a-kori-kurar ta kife a kan rumfar wata mata mai sayar da dankali a bakin hanya, matar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Ƙafarta ta karye gida biyu. Hannun aminin na dama ya matse tsakanin ƙofa da kwalta. Shi mai zaɓen mota, ko ƙwarzane bai yi ba.

A asibiti aka yanke hannun. Direban da aka san shi da iya sitiyari, yau matarsa ce ke ɓalla masa maɓallin riga. Mai dankalin nan har yanzu da sanda take zuwa kasuwa. Shi kuwa mai garejin ya bi gari yana gaya wa masu jaje wai ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, babu mai musunta ta, amma ba ita ta je kasuwa ta zaɓi fenti ta bar birki ba. Aminin bai zage shi ba, bai kai shi ƙara ba. In ya zo gaida shi, sai aminin ya juya fuskarsa ga bango har ya gaji ya tafi. Garejin ma ya mutu a tsaye, domin babu mai hankalin da zai kai gyaran birki wurin wanda ya yi wasa da nasa.

Don haka kada ka ƙara faɗa a gabana cewa kowacce ma ta isa. Ran mutane za ka ɗauka a hanya, da na waɗanda ke cikin motar da na waɗanda ke bakin titi suna neman abincinsu. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.