Allurar da Ke Bayan Allo

Suna tsakiyar gajimare ƙaramin jirgin ya fara kwantawa hagu, ba wanda ya taɓa shi.

Ita da babanta ne a ciki, tana zaune a gefensa. Sabon allon gilashin da ta matsa wa babanta sai da aka saka yana nuna mata ƙarara: suna karkata, suna sauka. Amma tsohuwar na'urar da ke tuƙi da kanta ba ruwanta da gilashi. Wani agogon auna karkatar jirgi kaɗai take bi, mai allura, wanda makaniki ya mayar bayan allon don ya ci gaba da yi mata jagora.

"Baba, me take yi haka?"

Tsohon matuƙin ya ƙura wa allon ido. Zufa ta jiƙe masa wuyan riga.

"Baba!"

"Allurar ce," ya ce. "Takan maƙale. Shekara talatin ina ƙwanƙwasa ta sau biyu, sai ta farka."

"Ka gaya wa makanikin?"

"'Yar nan, ni kaina na manta ina yi."

Iska ta fara kuka a fukafukai. Ta kashe na'urar, ta damƙi sitiyari, ita da ba ta taɓa tuƙi cikin gajimare ba, tana salati har jirgin ya daidaita.

Ƙasa ta bayyana, kusa ƙwarai, har tana iya ƙirga itatuwa. Sai ta ji wani ɗan sauti a gefenta. Ta waiga. Yatsan babanta ne, yana ta ƙwanƙwasa gilashi, daidai inda allurar take a da.