Koren Tayil na Nevena

Koren tayil ɗari biyu da goma sha ɗaya ne suka tsira. Stoil ya ɓamɓaro su ɗaya bayan ɗaya daga bangon tsohon gidan ƙauye, ya nannaɗe su cikin barguna, ya kawo su garin Gabrovo a bayan mota. Sauran sun farfashe. Sa'ar ita ce banɗakin nan ɗan tsurut ne, in ka buɗe hannuwa sai ka taɓa bango biyu. Za su isa, muddin bai yi asarar fiye da shida ba.

Shi kuwa ba ya asarar tayil. Duk wanda ya taɓa zama teburin giya da shi ya ji wannan. Ya kuma ji cewa Stoil ne ya yi wa rabin garin banɗaki, ɗaya rabin kuma har yau da kunya suke wanka.

Matsalar ita ce Nevena, matar gidan. Tun da aka dawo da ita wannan benen daga ƙauye ta ƙi taka banɗakin. Farin tayil ne fes, sabo dal, amma da ta leƙa sai ta ce asibiti ne, kwantar da ita za a yi a yanka. Sati uku ke nan sai dai a goge mata jiki da tsumma, shi ma da faɗa. 'Yarta Rositsa ta bugo daga Jamus ta yanke magana: ranar Lahadi za ta sauka, in ta tarar uwar ba ta yi wanka ba, akwai gadon da aka ajiye mata a gidan tsofaffi.

Ranar Talata ya kwashe farin. Laraba ya jiƙa koren a baho, don tsohon tayil in bai ƙoshi da ruwa ba sai ya shanye na simintin ya faɗo. Nevena ta jawo kujera ta zauna bakin ƙofa, ta tsare shi da ido.

"Mai gyara, hannun nan naka rawa yake. Shekarunka nawa?"

"Saba'in da huɗu, ranki ya daɗe. Rawar ta murna ce."

"Murnar me? Ka kula da cokulana dai, na ƙirga su."

Ko wanda ya fara sana'ar jiya ya san ƙa'ida: ka nemo tsakiyar bango, ka saki igiya, ka tashi daga nan zuwa hagu da dama, yadda yankakkun za su zo daidai a gefe biyu. Stoil ya mari yaran aiki da yawa a kan wannan. Amma sai ya durƙusa a lungun da ke bayan famfo ya fara daga can. Da jerin ya iso ƙofa, abin da ya rage ɗan siriri ne, faɗin yatsa biyu, mummuna. Ya yanka, ya liƙa, bai ɗago kai ba.

Nevena ta miƙa hannu ta shafa ɗan siririn.

"Haka mijina ya yi a gidanmu. Shi ma jaki ne a lissafi."

"Ashe ba ni kaɗai ba ne."

"Kai, tsaya matsayinka! Shi da gangan yake komai. Akwai guda mai hoton fure, ya kifa shi kai ƙasa don ya ga yaushe uwata za ta lura. Har ta mutu ba ta gani ba."

"Wannan mijin naki ɗan iska ne."

"Ɗan iskana ne. Yana Libiya wurin aiki. Bari ya dawo ya ga wannan kwaɓar taka, za ka sha dariya."

Stoil ya ce ƙurar siminti ta shiga masa ido, ya je ya wanke fuska a kicin. Ya daɗe. Da ya dawo ya ɗauko mai furen daga ƙasan baho, ya ƙirga jeri biyar daga ƙasa, uku daga lungu, ya kifa shi.

Juma'a gwiwarsa ta dama ta ƙi lanƙwasuwa, ya ƙarasa jerin ƙasa a kwance ta gefe. Asabar ya cike tsakanin tayil ɗin da farin siminti, ya goge, ya maida ƙugiyar rataye kaya ƙasa kaɗan, daidai kafaɗar gajeruwar mace. Tayil biyu suka yi saura.

Lahadi da hantsi Rositsa ta aiko saƙo cewa jirgi ya sauka, tana hanya. Stoil bai ce wa Nevena komai ba. Ya buɗe ruwan zafi, ya bar ƙofar a buɗe, ya koma falo ya zauna yana kallon hannuwansa.

Ya ji jan silifas ɗinta. Ya ji ta tsaya. Tsayuwar ta yi tsawo har ya fara lissafa kayan da za a zuba mata a jaka.

Sai ƙofa ta rufe. Ƙarar ruwan ta sauya, ta zama ta ruwan da ke sauka a kan mutum. Har da 'yar waƙa ƙasa-ƙasa.

"Stoil!" ta ƙwala daga ciki. "Kai, kurma! Tawul!"

Ya tashi da ɗingishi, ya ɗauko, ya tura hannu ta tsagar ƙofa, ya kau da fuskarsa can gefe don kada ta gan ta ta tambaye shi ko shi wane ne. Shekara biyu ke nan rabon da matarsa ta kira sunansa.