Audugar Kaka

Ranar sunan ƙanena a Moriki, bayan azahar, tsakar gida ta cika da mata. Da mai guɗa ta rangaɗa guɗa, sai na ji kamar an soka mini tsinke a kunne. Na ruga bayan rumbu, na toshe kunnuwana ina kururuwa.

Gwaggo ta ce iska ce ta taɓa ni, a kira malam. Kaka kuwa ta tsuguna a gabana tana kallona. Aka sake guɗa, na ƙara danne kunnuwana. Sai ta ɗaga hannu.

"Ku tsai da guɗar ga. Ɗiyar ga ba ta da iska, kunnuwanta sun fi namu ji."

Ta yago audugar da take kaɗi, ta dunƙule, ta sa mini a kunnuwa. Audugar tana ƙamshin man shanun hannunta. Duniya ta lafa. Haka aka ƙare sunan ba guɗa, mata suna ta gunaguni.

Sai da na girma likita ya ce sunan abin otizim. Kaka ta riga shi ganewa, Allah Ya jiƙanta. Har yau ba na shiga gidan suna sai da auduga ƙulle a bakin mayafina.