Faten Tsakin Da Ya Tsayar Da Ungozoma

Afiniki, 'yata, ajiye tsintsiyar nan ki zo ki zauna. Na ji kin ce ba za ki karɓi baƙin Zumuntar Mata ta majami'a a gidanki ba sai abin hannunku ya ƙaru. Ban ce kin yi laifi ba, amma bari in ba ki labarin wata mai ɗinki da na sani a wani gari can bayan duwatsun Filato.

Garin yana da ƙaramin asibiti da ikilisiya ta gina, sai dai ya daɗe babu ungozoma. In naƙuda ta zo wa mace da gardama, sai a ɗora ta a bayan akori-kura a bi hanyar da damina ta cinye. Wasu su isa birni, wasu su haihu a hanya, wasu kuwa ba a dawo da su da rai ba. Ana nan sai aka turo wata ungozoma daga nesa. Ba ta san kowa ba, ba ta jin yaren garin, Hausarta ma tsinta-tsinta ce. Dattawan ikilisiya suka yi murna ƙwarai, suka ce baƙuwa irin wannan sai an yanka mata akuya, an dafa shinkafa, an ɗauko hayar rumfa. Aljihu bai yarda ba, aka ɗaga liyafar zuwa ƙarshen wata, aka sake ɗagawa zuwa bayan girbi. Kowa kuma yana jin kunyar ya riga dattawa ya kira ta gidansa, kada ta ga talaucinsa. Ita kuwa baiwar Allah, in ta tashi aiki sai ta koma ɗaki ta jiƙa garin kwaki ta sha ita kaɗai. A majami'a a gaishe ta da ladabi daga nesa, ana tashi sujada kowa ya kama hanyar gidansa. Ta ɗauka ba a son ta ne, ta fara haɗa kayanta a ɓoye.

Mai ɗinkin nan ba ta da komai sai tsohon keken ɗinkinta da mijinta kafinta, amma Ubangiji ya ba ta iya tattali. Akwai wani kanti a bakin tasha da ke ba masu sayayya 'yar takardar ragi, mutane su karɓa su yar a ƙofa. Ita takan adana tata, maƙwabta ma suka saba kawo mata nasu, da su take samun sauƙin man gyaɗa da gishiri. Kasuwa kuma sai la'asar take shiga, lokacin da masu tumatir suka ƙosa su tashi. In yakuwa ta yi araha ta saya ta shanya. Duk abin da ta rage ta wannan hanya, tsaki take ƙarawa da shi a wata roba da ta ware a bayan ƙofa, tana kiranta robar baƙo. Mijinta yakan yi mata tsiya, ya ce baƙon nan da ba a gani ya fi shi gata a gidan.

Wata Lahadi bayan sujada ta hango ungozomar tana tafiya ita kaɗai, kanta a sunkuye. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta bi ta da sauri ta kama hannunta. Ta ce, "'Yar'uwa, fate zan yi yau, ba nama, ba komai. In ba ki raina ba, mu je." Suka je. Ba ta zaunar da ita a ɗaki kamar baƙuwa ba, kicin ta ja ta, ta miƙa mata wuƙa da gauta ta ce ta yanka. Ungozomar ta tambayi sunan ganyen da ke cikin kwano, aka ce yakuwa, ta maimaita ya fito a karkace, mai ɗinki ta yi dariya har da riƙe ciki, ita ma ta kama dariyar kanta. Hayaƙi ya sa su hawaye, tukunya ta tafasa, ƙanshin daddawa ya cika gidan. Kafinta ya yi addu'a, ya gode wa Yesu da ya kawo musu 'yar'uwa, suka zauna a tsakar gida suka sa cokali a kwano ɗaya. Baƙuwa ta sha, ta ƙara, har ta nemi ƙanzon gindin tukunya. Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Mama, tun da na zo garin nan, yau ne na ƙoshi."

Ranar ta kwance kayan da ta ɗaure. Da labari ya bazu cewa fate kawai aka ba ta kuma ta suɗe kwano, kunya ta saki mutane. Wannan ta kira ta cin tuwon dawa, wancan ya aiko mata da dafaffiyar masara, har sai da ta riƙa ba da haƙuri don gayyata ta yi mata yawa. Ta zauna a garin shekara da shekaru, ta iya yarensu, kuma yaran da suka faɗo a hannunta yau wasunsu su ne ke buga ganga a majami'ar.

Kin gani, Afiniki, abin da ke cikin tukunyar ba shi da yawa, amma mai tukunyar ta bayar da shi da sakin fuska. Shi ya sa Hausawa suka ce, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.