Matar da Ba Ta Wanke Gilashi da Rana

Tunda ka ce goge gilashi ba sana'a ba ce, gyara zama ka ji. An yi wata mata da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya mata biyu da akuya ɗaya. Dangin da suka cika gida ran sadakar uku, kafin arba'in duk sun ɗauke ƙafa, ko mudun masara babu wanda ya aiko. Sai ta sayar da akuyar, ta sayi tsani da bokiti da robar goge gilashi, ta yayyaga tsofaffin zannuwanta ta yi tsummoki. Ta nufi wani jerin shaguna masu ƙofofin gilashi a bakin titi, ta roƙi mai sayar da atamfa ya bari ta wanke masa kyauta. Da ta gama, har masu wucewa suna tsayawa su gyara hula a jikin ƙofar. Kafin wata ya ƙare shago goma sha ɗaya sun zama nata, da su tukunyar gidanta take hawa wuta. Ƙa'idarta ɗaya ce: da ta raka yara makaranta sai ta fara, gilashi yana inuwa da sanyinsa, sabulu ɗan kaɗan a ruwa, kuma kafin rana ta juyo kan shagunan ta saɓi tsaninta ta tafi.

To, akwai mai kula da shagunan, irin mutanen nan da ba su taɓa ɗaga tsinke ba amma sun fi kowa iya aiki da baki. Ya bi shago shago yana cewa mace a kan tsani abin kunya ne, kuma raguwa ce, hantsi bai gama duban ludayi ba ta gudu. Ka ji rashin tsoron Allah! Lokacin da marayu suke kwana da yunwa babu wanda ya ga abin kunya, sai da uwarsu ta hau tsani. Ya tare ta a bakin ƙofa ya ce daga yau shi zai riƙa yi, masu shaguna kuwa kowa ya sunkuyar da kai. Ranta ya ɓaci, amma abin da ta ce kawai shi ne, "Malam, in za ka wanke, kada ka wanke da rana." Ya bushe da dariya. Ranar nan kunu yaranta suka sha safe da yamma.

Gogan naka sai bayan azahar ya fito, ya zazzage rabin ledar omo a bokiti. Gilashi ya ɗauki zafi kamar tanda, yana shafa kumfa tana bushewa, shago bayan shago suka koma fari fat. Ya ƙara ruwa, ya ƙara omo, abu sai gaba yake yi. Da gumi ya ishe shi, ya samo soson ƙarfe na wankin tukwane ya dirji ƙofar mai atamfa har ta kakkarce. Washegari mutanen da suka yi shiru aka kore ta, su ne suke yawo a unguwa suna tambayar gidanta. Ta dawo, ba don ta huce ba, sai don bakin yara biyu. Ta wanke shago goma suka koma tas. Da ta zo na mai atamfa ta shafa gilashin da yatsa, ta ce masa datti ne yake wankuwa, wannan kam sai dai ya sayi sabo. Mai kula da shaguna yana tsaye a gefe yana kallo.

Shi ya sa Hausawa suka ce, wanda ya raina tsayuwar wata, ya hau ya gyara.