Koriyar Alkyabbar Kukawa

Kwana tara Alkasum, manzon Barno, ya yi a Zinder, babban birnin Damagaram, yana cin tuwon fada, ba a kai shi gaban Sarki ba. Yau a ce Sarki na duba sabuwar ganuwa, gobe a ce yana wajen maƙeran da ke zuba igwa.

Saƙon da ya ɗauko daga Kukawa, fadar Barno, ba shi da tsawo. Koriyar alkyabba ce. An ce lallai Sarkin Damagaram ya yafa ta, ya fuskanci gabas, ya zuba ƙasa a ka, kowa ya san har yanzu shi yaron Barno ne. An kuma shaida wa Alkasum, cikin ladabi, cewa in alkyabbar ta dawo a ninke, da ita za a yi masa likkafani.

Ga shi bai taɓa ganin Sarkin ba, ga garin ya fara jin ƙarfinsa. Ko Kolo, ƙaton da ke ja masa raƙumi, tun rana ta shida ya ce zai je Gaffati gaida gwaggonsa, har yau shiru. Kolo da ko “sannu” bai iya da Hausa ba.

Rannan Alkasum ya tare Mai Nasara, dattijon da ke magana da yawun fada.

“Baba, ku faɗa mini gaskiya. Ku bayin Barno ne ko abokan gabanta?”

“Maƙwabta ne mu, masu ladabi,” in ji tsohon. “Ba ma mayar da kyauta, ba ma kuma ɓata wa ɗanmu rawani. Gobe da hantsi ka zo.”

Alkasum ya kwana yana juya zancen, bai ga inda kan ya haɗu da wutsiya ba.

Da hantsi aka shigar da shi wani dogon zaure mai duhu-duhu, aka tsayar da shi taku ashirin daga karaga. A kanta ga wani mutum cikin riguna bakwai, amawali har gindin ido. Bai ce uffan ba. Manya dama ba sa magana.

Aka yafa masa alkyabbar. Ya sauko, ya durƙusa, ya fuskanci gabas, ya ɗebi ƙasa da hannu biyu ya zuba sau uku, dama, hagu, tsakiya. Alkasum har da ƙwalla. Ko a Kukawa ba kowa ya iya ta haka ba. Fadawa kuwa sai kallon rufin zaure suke yi.

“Ka faɗi abin da idonka ya gani,” in ji Mai Nasara wajen sallama. “Kada ka ƙara gishiri.”

Washegari Kolo ya dawo, ya yi ƙiba, kansa a aske tas, da ƙunshi a hammata. Suka kama hanya.

A Kukawa Alkasum ya dafa Alƙur’ani ya ce ya ga an yafa, ya ga an zuba. Aka fasa shirin yaƙi, aka ba shi gida da gona.

Yana zaune a ƙofar sabon gidan sai ga Kolo, ya tsuguna, yana sosa ƙeya.

“Ranka ya daɗe, koriyar alkyabbar nan. Mutanen Zinder sun ce tunda ni na zuba ƙasar, tawa ce. In sa ta ranar Salla, ko in ɗan jira tukuna?”