Ba a Taɓa Irinsu

Tun kafin fuskarsa ta fito a waya, ma'aikaciyar jinyar ta gane muryar. Mai kemis ɗin layinsu ne, wanda bara ya kori ƙanenta da kumburarren hannu, ya ɗauke shi hoto ya watsa a intanet, har da rubuta: "'Yan allurar ƙwaya, ba a taɓa irinsu." Kwana tara ƙanen ya ƙara a duniya.

Yau ga shi ya kira layin wayar sirri na taimakon masu allurar, inda take duba marasa lafiya ta bidiyo, kyamararta a kashe.

"Baiwar Allah, ɗana ne. Hannunsa ya ruɓe. Ki rufa mini asiri."

Yatsanta ya daɗe a kan maɓallin ɗaukar hoto. Saurayin na nishi a ƙasa, sa'an marigayin ne.

"Na turo motar asibiti," ta ce. "Kafin ta iso, ɗaga masa hannun. Rungume shi sosai."

Ya rungume shi yana kuka.

Sai ta kunna kyamararta, ta bar shi ya ƙare mata kallo.

"Baba, ashe ana taɓa irinsu?"